Ƙarko Ba a Kwali Yake Ba

Duk wanda ya ƙulle kuɗinsa ya shiga kasuwa neman ƙaramin injin yankan itace, tambaya ɗaya ce a bakinsa: wanne ya fi ƙarko? Mai shago kuwa amsarsa a shirye take, wanda ya fi ƙosawa ya rabu da shi, shi ne mai ƙarkon. Ni da na daɗe da irin wannan inji a hannu, na kuma ga yadda takwaransa ya ƙare a hannun wani nawa, abin da na fahimta shi ne ƙarko kashi uku ne. Kashi ɗaya na kamfanin da ya ƙera, kashi ɗaya na garin da injin zai zauna, kashi ɗaya na hannun da zai riƙe shi. Na farkon kaɗai ake sayarwa a kanti. Sauran biyun ba a rubuta su a jikin kwali, kuma su ne suka fi tsada.

Da na ajiye aikin koyarwa, sai na koma ga lambun da na daɗe ina raino a bayan garin Kontagora, ta hanyar Tegina. Mangwaro ne da yazawa, sai darbejiyar da na kewaye wurin da ita. Wanda ya san iskar farkon damina a ƙasar nan ya san ba ta wucewa sai ta bar aiki. Dare ɗaya za ka wayi gari ka tarar da reshe ya tsage ya danne na ƙasa, ko darbejiya ta kwanta a kan shinge. Gatari da adda suna yi, amma ƙarfin da ke bayansu ya fara ja da baya. Masu manyan injina kuma, waɗanda muke kira ofareta, ba su da lokacin reshen mangwaro. Yawancinsu Stihl 070 suke saɓawa, ko kwaikwayonsa, inji mai cc 106 da nauyinsa ya haura kilo 10, wanda aikinsa kayar da maɗaci ko kawo da tsaga shi katako a cikin daji. Ka kira mai irin wannan don rassa biyar, ko dai ya ƙi zuwa, ko ya yanka maka kuɗin da zai sa ka koma wa gatarinka. Dole ta sa na nemi ƙarami na kaina.

A wannan fanni sunaye biyu suka fi amo a duniya. Akwai Stihl na ƙasar Jamus, wanda Andreas Stihl ya kafa a 1926, akwai kuma Husqvarna na ƙasar Suwidin, kamfanin da ya faro da ƙera bindigogi tun 1689, bai shiga harkar injin yankan itace ba sai 1959. Ƙananan injinansu kusan kansu ɗaya. Ko a gida ɗaya ma, tsakanin MS 170 da MS 180 na Stihl, bambancin cc 30.1 ne da 31.8, ratar da hannun mai lambu ba lallai ya ji ta ba. Bayan waɗannan akwai wasu kamfanonin masu suna, sannan ga tulin 'yan China masu lamba 5200 da 5800 da suka cika kasuwanninmu da sunaye barkatai. Ga kuma jabu, wanda ke ɗaukar launin na asali da sunansa har da kwalinsa.

Biyun da na tsaya a kansu ba zan faɗi sunayensu ba, domin ba talla na zo yi ba, ba kuma ɓatanci ba. Dukansu na asali ne. Girmansu ɗaya, nauyinsu wajen kilo 4, tsawon ƙarfen da sarƙa ke zagayewa inci 16. Na farkon irinsa ya yi yawa a gari. Na biyun wani ɗan kasuwa ne ya shigo da 'yan ƙalilan daga Legas, ya fi na farkon kyan gani, ya fi shi laushin ƙara, ya ɗan fi shi ƙarfi, ga shi kuma ya fi shi sauƙin kuɗi. In da ido ne alƙali, da shari'a ta ƙare tun a bakin shago.

Kafin in biya, sai na bi ta rumfar wani bakanike da ke gyaran janareta da injin feshi da injin ban-ruwa, wanda ofaretoci ke kai wa nasu. Yaro ne sa'an ɗana. Na same shi ya baje kafireta a kan murfin bokiti, yana hura wata 'yar ƙofa da bakinsa. Na faɗa masa abin da ke tafe da ni.

Bai ɗago ba ya ce, "Baba, kada ka tambaye ni wanda ba ya lalacewa, babu shi. Tambaye ni wanda in ya lalace zan iya tayar maka kafin la'asar."

Ya jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin benci ya kife shi a ƙasa. Tarkace ne ya zubo, murafe, sifirin, famfon mai, kulochi, fistin da suka ƙone, duk sun yi baƙi. Ya riƙa tsintowa yana jerawa gefe guda. "Wannan na farkon da ka faɗa ne. Wannan ma nasa ne. Wannan ma." Tsibi ya tashi. Na ce to ai wannan shaida ce a kansa, ga gawarwakinsa nan birjik. Ya yi dariya. "A'a, Baba. Gawarsa ta yi yawa ne don masu ransa sun yi yawa. Kowace gawa a nan tana ciyar da mai rai. Na biyun kuwa ko ƙusa ɗaya tasa ba ni da ita. Sayen inji kamar neman aure ne, ba yarinyar kaɗai ake dubawa ba, har da danginta. Wannan taka kyakkyawa ce, amma ba ta da kowa a garin nan."

Na sayi na farkon, mai dangi. Ƙanin matata, wanda ke da gona ta wajen hanyar Rijau, ya ga na biyun ya ce shi kam ba zai bar mai kyau da araha ya ɗauki mai tsada ba. Ba wanda ya shirya haka, amma sai ga injinan biyu a gidajen da ke cin tuwon juna, aikinsu iri ɗaya, fetur ɗinsu daga gidan mai ɗaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Gaskiya ɗaya ce, a shekarar farko nasa ya fi nawa. Ja ɗaya yake tashi, nawa sai an lallaɓa shi da safe. Nasa bai taɓa zuwa rumfar bakanike ba, nawa kuwa igiyar tayarwa ta tsinke, tiyon mai ya tsage, daga baya haƙoran da ke jan sarƙa suka cinye. In mun haɗu wajen suna ko ɗaurin aure sai ya ce, "Yaya, yaya jikin majinyacin naka?" Abin da bai lura da shi ba shi ne, majinyacin bai taɓa kwana a asibiti ba. In na kai da hantsi, kafin azahar na dawo da shi yana ruri.

Nasa ya yi ciwo sau ɗaya tak, ciwon kuma ya zama ajali. Akwai wani ɗan ƙaramin haƙori na roba da ke juya famfon da ke ɗiga wa sarƙa mai. Shi ne ya cinye. Abu ne da za ka rufe a tafin hannu, kuɗinsa bai kai na sabuwar sarƙa ba, amma in babu shi sarƙa a bushe take gudu, ƙarfen ya yi zafi har bakinsa ya koma shuɗi. Aka nema a Kontagora, babu. Aka tambaya a Minna, tafiyar kusan kilomita 200, babu. Aka ba direba sautu zuwa kasuwar Panteka a Kaduna, aka yi waya kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Wanda aka kawo ya yi kama da shi, amma bai zauna ba. Ɗan kasuwar da ya shigo da injin ya riga ya koma sayar da wani abu dabam. Kuma kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan na 'yan bindiga, ba wanda zai bi ta Birnin Gwari don neman ɗan haƙorin roba. Ya koma zuba wa sarƙa mai da hannu daga gora, yana yanka yana tsayawa. Ƙarfen ya cinye, shi ma ba a samu daidai shi ba. Yau injin yana rataye a ɗakin ajiyarsa, fistin lafiya, fenti bai ko dushe ba. Ko a matsayin gawa ba shi da mai saye, tunda ba wani mai rai da zai ci daga jikinsa.

Har gobe ina cewa maƙeransa sun fi na nawa iya aiki. A garin da ke da wakilinsu da kayan gyaransu, da shi zan ɗauka. Amma a Kontagora nake zaune.

Dangin ma ba duka ne na kirki ba. Kayan gyara hawa-hawa ne, akwai na asali, akwai mai bi masa, akwai wanda bakanike da kansa zai ce maka "a lallaɓa". Abin da na tsayar wa kaina shi ne, igiya da murfi da tiyo kowanne na samu ina sawa, amma fistin da ringi da sarƙa, in ba na asali ba ne gara injin ya huta har in tara kuɗin.

Kashi na uku, na hannu, shi ne inda yawancin injina ke mutuwa, sai a ɗora wa kamfani laifi. Irin wannan inji ba shi da tukunyar baƙin mai kamar mota. Man da ke cikin fetur shi kaɗai ne ke shafe fistin da ke kai da kawowa fiye da sau dubu goma a minti ɗaya. Manyan kamfanoni sun ce kashi 50 na fetur, kashi 1 na man 2T mai kyau, wato mililita 100 a lita 5. Yawancin 'yan China kuwa littafinsu 25 da 1 yake cewa, ninki biyu ke nan. Wanda ya auna da ido, ko ya zuba baƙin man mota don shi ne a kusa, ko ya sayi fetur ɗin kwalba a bakin titi bai san abin da aka gauraya masa ba, ya fara haƙa kabarin injinsa. Ni kwalbar awo gare ni mai zane, tana ɗaure da igiya a jikin jarkar, ba sa rabuwa.

Sai ƙurar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu matatar iska kan toshe cikin yini guda. In ta toshe inji ya shaƙe, in ta yage ƙura ta shige ta kankare bulok. Wanke ta bai kai minti biyar ba. Haka nan in aiki ya tsaya za a ajiye inji na watanni, a juye fetur ɗin, a tayar da shi har ya mutu da kansa. Fetur ɗin da ya kwana biyu a kafireta yana busar da 'yar siririyar robar da ke bugo mai, ranar da ka tashi bukata ka yi ta ja har kafaɗa ta sage.

Sarƙa kuwa ita ce rabin ƙarfin inji. Itacenmu ba irin na Turai ba ne. Kirya da marke tauri gare su, ga ƙasar da gara ke ɗorawa a jikin ɓawo, wadda ke dakusar da haƙori nan take. Alamar a ƙasa take, gaban ƙafarka. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take zubarwa manya-manya, ita ke jan kanta cikin itace. In ka ga gari mai laushi yana tashi, kana dannawa da ƙarfi, hayaƙi na fita daga tsagar, tsaya. Nakan zauna a gindin mangwaro in maƙale ƙarfen a jikin kututture, in ɗauko magagari mai zagaye na milimita 4, in bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, kowanne shafa uku daga ciki zuwa waje, a karkace daidai yadda zanen kan haƙorin ya nuna. Na farkon nakan shafa masa alli don in san inda na faro. In na gama gefe ɗaya in juya in bi ɗayan. Mai gaggawa yana ganin ɓata lokaci ne, alhali dakusasshiyar sarƙa ita ke shan mai, ita ke ƙona kulochi, ita ke gajiyar da mutum har ya yi sakaci.

Waɗannan ƙananan abubuwa sun ƙara nauyi tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, duk wani abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Mutane suka fara tsuke man 2T, suna zuba wa sarƙa ƙonannen baƙin man da aka juye daga mota. Rumfar yaron nan ta cika da injinan da suka ƙone. Sabon inji kuwa ya fi ƙarfin irinmu masu jiran fansho. Wanda ke hannunka shi ne naka, ka riƙe shi da kyau ko ka koma wa gatari.

Akwai wani farashin da ban cika son faɗa ba. Injin nan ya daɗe ne domin na hana aronsa, kuma hanin ya ci mini wani abu.

Ɗan baffana ne ya fara zuwa. "Yaya, a taimaka mini da injin nan na kwana biyu, zan share gona." Na ce masa ba na ba da aronsa. Ya ɗauka wasa nake yi. Da ya ga da gaske ne, ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya," ya fita. Magana ta kai kunnen babbar yayarmu, ta aiko a kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Kai yanzu ƙarfe ya fi maka ɗan'uwa?"

Ina da hujjoji. Mai aro ba ya auna mai, ba ya wasa sarƙa, in ta kafe a itace murɗawa yake yi har ƙarfe ya lanƙwashe. In abin ya lalace kuma kunya ba za ta bar ka ka ce ya biya ba. Uwa uba, wannan ba garma ba ce. In hancin ƙarfen ya taɓa itace ba daidai ba, injin kan yi tsalle ya dawo wa fuskar mai riƙe da shi kafin ƙiftawar ido. Wanda bai san birkin sarƙa ba, bai san yadda ake tsayuwa ba, ba shi aron inji ba taimako ba ne. Duk wannan gaskiya ne. Amma a gaban yayata na san akwai wata gaskiyar a ƙasan waɗannan: ina son abina, kuma raina ba ya so wani hannu ya taɓa shi. A garin da aka saba maƙwabci ya ɗauki tsaninka ko babur ɗinka da sallama kawai, wannan hali sunansa rowa, ko da wace riga aka sa masa.

Mafitar da na samu ita ce, ba na ba da aron inji, amma ina ba da aron kaina tare da shi. Wanda itace ya faɗo wa a gida ko a gona, ya sayi fetur, ni in zo da mai da sarƙa da hannuna. Ya fi wahala, ya cinye mini safiyoyi da yawa da na so in huta. Ɗan baffan nawa ya daɗe kafin ya karɓi wannan tsari, kuma har yau in zancen ya taso sai ya ce, "Injin Yaya ai da limaminsa yake tafiya."

Bin injin da nake yi ya ba ni wani iko da ban nema ba, wato ni ke cewa ga abin da zai yanka. Wani ya taɓa kai ni gonarsa da sunan share hanya, sai ga mu a gaban kaɗanya uku, lafiyayyu, masu gawayi sun riga sun yi musu kuɗi. Na ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan ba aikin injina ba ne." Jihar Neja ce kan gaba a Najeriya wajen kaɗe, kuma kaɗanya takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Matan ƙauyukanmu da ita suke sayen sabulu da littafin yara. Inji mai kaifi kuwa minti kaɗan ya ishe shi ya kwantar da ita. Mun ga abin da ya sami madobiya lokacin da aka yi rububin kai ta China, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu a 2016, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018, bayan an riga an yi wa dazuzzuka aski. Ba na cika baki da wannan. Mai gonar ya samu wani ofareta washegari, kuma buhun gawayi na nan a madafin gidana, tunda gas ya fi ƙarfin aljihu. Iyakata dai na san da na ba da aro, da sarƙata ce ta yi aikin.

Yanzu an fara shigo da masu aiki da batir, marasa hayaƙi, marasa ƙara, ba ruwansu da awon mai. Masu sola a gida suna sha'awarsu, ni ma haka. Na tambayi yaron nan bakanike ko ya taɓa buɗe ɗaya, ya ce bai taɓa ba, kuma bai san inda ake samun batirinsu in ya mutu ba. Na ce to zan jira shi ya sani.

Tsofaffin ɗalibaina kan zo neman shawara in za su saya. Abin da nake gaya musu bai da yawa. Fara da rumfar mai gyara kafin shagon mai sayarwa, ka ga irin wanda tarkacensa ya fi yawa a akwatinsa. Ka tambayi kuɗin sarƙa da ƙarfe da kayan kafireta, ka ga ko akwai su a garinku yau, ba "za a kawo" ba. Ka duba lambar da aka buga a jikin injin, ka karɓi rasit mai ɗauke da ita. Ka ware kuɗin magagari da kwalbar awo da man kirki a cikin kuɗin sayen. Sannan ka shirya amsar da za ka ba mai neman aro tun kafin ka biya, domin zai iso ƙofar gidanka kafin tankin farko ya ƙare.